A Raba Farcen Mai Ciwon Suga Da Almakashin Bakin Titi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da aka raina, wato farcen ƙafar mai ciwon suga. Duk shekara idan 14 ga Nuwamba ta zagayo, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo, sai a cika rediyo da jaridu da zancen a rage tuwo, a bar lemon kwalba, a riƙa motsa jiki. Duk gaskiya ne. Amma da wuya ka ji an ce wa mutane su sunkuya su dubi yatsun ƙafarsu. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, kuma mafi yawan aikina a ɗakin wankin ciwo na yi shi. Abin da idona ya gani a can, da abin da hancina ya shaƙa, shi ya sa na ɗauki biro.

Kowa ya san irin farcen da nake nufi. Ya yi kauri, ya koma rawaya ko ruwan ƙasa, bakinsa yana marmashewa, wani lokaci ya ɗago daga jikin nama, ƙarƙashinsa ya tara wani farin gari mai ɗan wari. In ka tambayi mai shi, sai ya ce tsufa ne, ko tuntuɓe ya taɓa yi tun yana saurayi, ko kuma haka na babansa yake. Sau da yawa kuwa ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, 'yar'uwar wadda ke sa wa yara makero a ka. Wadda ta fi yin wannan ɓarna sunanta Trichophyton rubrum. Yawanci ba a farce take farawa ba. Da cin ruwa take farawa a tsakanin yatsu, a yi ta susa ana sharewa, ita kuwa tana rarrafawa har ta shige ƙarƙashin farce ta yi gida. Mai ciwon suga ya fi sauran mutane kamuwa da ita ninki biyu zuwa uku, kuma kusan ɗaya cikin kowane uku na masu ciwon yana ɗauke da ita.

Ga mai lafiya abin bai wuce muni ba, sai dai kunyar cire takalmi a gidan surukai. Ga mai suga kuwa lissafin daban ne. Sugan da ya daɗe yana hawa yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa. Da farko mutum ya riƙa jin tafiyar kiyashi ko raɗaɗi da daddare, daga baya ƙafar ta yi dundum, ko ƙaya ya taka bai sani ba. Hanyoyin jini su ma sun tsuke, don haka ciwo ba ya saurin warkewa, jiki kuma ba shi da ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta. To a irin wannan ƙafa ce farce mai kauri da kaifi yake zaune.

Akwai wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi, da ba na mantawa da shi. Ya sayi sabon takalmi sau-ciki don ɗaurin auren 'yarsa, ya yini da shi ana ta gaishe-gaishe, washegari ma haka. Takalmin yana danna farcen babban yatsa, farcen yana nutsewa cikin nama, shi bai ji komai ba. Uwargidansa ce ta fara jin wari, ta ga safa ta manne da yatsa. Ko da suka zo wurinmu, sai da muka jiƙa safar kafin ta fita. Da aka ɗaga farcen sai ga rami cike da mugunya, likita ya zura ɗan ƙarfen gwaji ya ji ya taɓa ƙashi. Duk wannan abu da ake yi, Alhaji yana zaune yana ba ni labarin yadda masara ta tashi, ko yamutsa fuska bai yi ba. Ni da ke riƙe da ƙafar na fi shi jin zafin. An cire yatsan, kuma ya yi sa'a da abin ya tsaya nan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙafafun da ake yankewa saboda suga, daga ɗan gyambo irin wannan suke farawa.

Yanzu ga inda nake so a saurare ni da kyau. Ba ni da faɗa da masu yankan farce, sana'arsu ce, halak suke nema. Amma ku tsaya wata rana a majalisa ku kalli aikin. Yaro ya ajiye 'yar jakarsa, ya ɗora ƙafar mutum a gwiwarsa, ya shafa kumfar sabulu, ya sa bakin almakashi yana ƙwaƙular lungun farce, yana kankare kaurin da ƙarfi don mai ƙafa ya ga an yi masa aiki. In jini ya ɗan fito, ya sa babban yatsa ya danne, ya goge da tsumman da ya goge ƙafar mutum goma kafin wannan. Mai lafiya da ya ji zafi zai janye ƙafa ya ce kai, yi a hankali. Mai suga da ƙafarsa ta mutu ba zai janye ba, hira ma yake yi. Almakashin nan kuma shi ke ɗaukar fumfunar daga wannan ƙafa zuwa waccan, ba a ma zancen ciwon hanta da ake iya ɗauka ta jini. Haka ma reza a gida, musamman ga dattijon da idonsa ya yi rauni, yana yanka yana lalube.

Sai magungunan da ake ba juna a gidan biki da na suna. A daka tafarnuwa a ɗaura a kwana da ita. A jiƙa ƙafa a ruwan zafi da kanwa. A ɗiga kalanzir, ko ruwan bilicin wanki. Tafarnuwa da aka ɗaure a fata tana ƙuna sosai, na sha wanke irin ciwonta. Ruwan zafi kuwa, wanda ƙafarsa ba ta ji ta yaya zai san ya yi yawa? In hunturu ya shigo, sai mun ga ƙafafun da suka sale a bokiti ko a bakin kaskon wuta. Duk mai suga ya gwada ruwa da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa, kuma ya bar dogon jiƙo gaba ɗaya. Akwai kuma man shafawar nan masu haɗe-haɗe da ake sayarwa a kemis, waɗanda aka ce suna maganin kowace irin cutar fata. Galibinsu akwai sitiroyid a ciki, wani sinadari mai kwantar da ƙaiƙayi da kumburi. Ƙaiƙayi ya lafa kwana biyu, mutum ya yi ta sa albarka, ita kuwa fumfuna taki aka zuba mata. 'Yan'uwana mata, ban hana ku lalle ba, ni ma ina sawa. Amma lalle yana rufe launin farce, ba za a gane ya yi baƙi ko ya taru da jini ba. In za ki asibiti a duba ƙafa, ki bari sai kin dawo.

Magani na gaskiya akwai shi, sai dai yana da ƙa'ida. Ta farko, a tabbatar fumfunar ce. Kusan rabin faratan da suka yi kauri ko suka canza launi wani abu ne daban, matsin takalmi ko wata cutar fata. Ana ɗan kankaro garin farcen a kai ɗakin gwaji a duba. Bai kamata mutum ya yi wata uku yana haɗiyar ƙwaya a kan zato ba.

Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali. Wanda likitoci suka fi bayarwa shi ne terbinafine, miligiram 250 kullum har mako 12 idan farcen ƙafa ne. Alherinsa ga mai suga shi ne ba ya rigima da magungunan suga. Amma ana gwada hanta kafin a fara, a duba ƙoda, don ƙodar mai suga ba abin a yi wa shaidar zur ba ce. Wanda ya fara sha ya ga idonsa ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, ko tashin zuciya ya ƙi ƙarewa, ya ajiye ya koma wurin likita. Wasu kuma ɗanɗanon bakinsu yake ɗaukewa. Mai ciki da mai shayarwa su jira, farce ba gudu zai yi ba. Na biyu shi ne itraconazole, wanda ba a ba mai raunin zuciya, kuma ba ya jituwa da simvastatin na rage kitsen jini da wasu magungunan hawan jini irin su nifedipine. Ku duba jakar maganin kowane dattijo mai suga, da wuya ku rasa ɗaya daga cikin irin waɗannan.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne fluconazole, saboda arha ne, kuma yaron kemis zai miƙo shi ba tare da ya tambayi me kake sha ba. Idan ya haɗu da glibenclamide ko glimepiride, magungunan suga da mutanenmu da yawa suke sha, yana hana jiki fitar da su da wuri, sai suga ya faɗi warwas. Mutum ya hau gumi da karkarwa, ya fara sambatu, a ce iska ce ta taɓa shi, alhali cokalin suga ko zuma yake bukata a lokacin, sannan asibiti. Ƙwayar ketoconazole kuwa, tun 2013 hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka ja kunne a kanta saboda illar da take wa hanta, ba a shan ta don farce. Griseofulvin da aka saba ba yara masu makero ba ya wani abin kirki a farcen ƙafa, asarar kuɗi ce kawai.

Akwai na shafawa masu kama da jan farce, amorolfine da ake sawa sau ɗaya a mako, da ciclopirox da ake sawa kullum har kusan shekara. Suna amfani ne idan cutar ba ta ci rabin farce ba kuma ba ta kai gindinsa ba. Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce, ko terbinafine da ya fi su duka, a gwajin da aka yi masa ya kashe cutar a jikin kashi 70 cikin 100, amma waɗanda farcensu ya dawo sumul kashi 38 ne kawai. Shi ya sa a ganina, tsoho mai shekara tamanin da ke shan ƙwaya kala shida, ba dole ne a ƙara masa ta bakwai ba. Wani lokaci abin da ya fi masa shi ne a riƙa rage kaurin farcen a asibiti a kai a kai, a tausasa shi da man urea, a sa ido kada ya huda nama. Burinmu ƙafa ta zauna a jikin mai ita, kyan farce ya biyo baya.

Sai haƙuri. Farcen ƙafa ba ya wuce milimita ɗaya da 'yan kai a wata, kafin na babban yatsa ya sake sabo fil sai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mutum ya gama ƙwayarsa ta wata uku, ya duba ya ga farce na nan da muninsa, ya ce jabu aka sayar masa, ya koma wa tafarnuwa. Gindin farcen ake dubawa. In sabon da ke fitowa fes yake, magani ya ci. A ɗauki hotonsa da waya duk ƙarshen wata, za a ga bambanci.

Cutar tana dawowa, kuma a nan ne alwala ta shigo. Sau biyar a rana muna wanke ƙafa muna tsattsefe yatsu, wanda ba ƙaramar ni'ima ba ce ga mai suga, don sau biyar ke nan yana da damar ganin ƙafarsa. Matsalar ita ce a tashi da danshi a zura safa da takalmi. Ɗan ƙaramin tawul a aljihu ya isa, a bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya a tsane. Silifas ɗin banɗakin masallaci da kowa ke zurawa, mai suga ya zo da nasa. A shafa mai a dunduniya saboda faso, amma kada a cusa shi tsakanin yatsu. In cin ruwa ya fito a yi masa magani da wuri da man clotrimazole ko terbinafine, na sauran mutanen gida ma haka, tunda banɗaki ɗaya ake shiga. Safa ta auduga, a canza kullum, a shanya a rana. A zazzage takalmi kafin a sa. Farcen da bai yi kauri ba a yanke shi bayan wanka, a miƙe, ba tare da bin lungu ba, da abin yankan da ba a aro.

Kirana na ƙarshe ga abokan aikina ne da hukumomin lafiya na jihohinmu. Na san yadda ranar ganin masu suga take, layi har waje, likita ɗaya. A auna suga, a auna jini, a rubuta magani, a kira na gaba, mutum ya shiga da takalminsa ya fita da shi. Ƙwararrun likitocin ƙafa kuwa a ƙasar nan sai an tona. Amma gwada ko ƙafa tana ji bai fi minti biyu ba, da wani ɗan siririn zaren roba da ake dangwala wa tafin ƙafa, mai dannawa da ƙarfin giram 10. A horar da ma'aikaciyar jinya ɗaya ko biyu a kowane babban asibiti, a ba su almakashin da ake dafawa, a ware rana guda ta gyaran farcen masu suga.  Muddin ba a buɗe wannan ƙofa ba, in na ce wa dattijo kada ya je wurin mai yankan farce, zai tambaye ni to ina zai je, kuma yana da gaskiya.

Kafin a kai ga haka, duk mai suga da ya shiga wurin likita ya cire takalmi da safa tun kafin a ce masa, ya ɗora ƙafar inda za a gan ta. Wanda ba ya iya sunkuyawa, ɗa ko jika ya riƙa duba masa kowane dare da tocila. In an ga gefen farce ya yi ja, ya kumbura, yana ruwa ko wari, ko yatsa ya fara baƙi, a tafi asibiti a ranar, ko da mai ƙafar ya rantse ba ya jin komai.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, daga Zariya