Zuwa ga ƙanina, game da kuɗin da aikin robar nan

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Inna da Baba da kowa na gida suna lafiya. Ni ma lafiya lau nake. Sanyi ya shigo amma da sauƙi, aiki kuma alhamdu lillahi.

Na turo dala 250 ta hannun Yaya. Dala 150 na maganin Inna ne, kada kowa ya taɓa. Sauran naka ne na aikin kammala digiri, ba na sabuwar waya ba.

Tun da ka nace sai ka yi aiki a kan roba mai ɗaukar lantarki, to ka saurara. Ka nemi robar da ake kira P3HT, wadda ƙwayoyinta suke jere kamar sarƙa, ka zaɓi mai tsararriyar sarƙa, wadda daidaiton jerinta ya haura kashi 90 cikin 100. Mai arha ba ta haɗuwa da kyau. Ka narka miligiram 5 a kowace mililita ɗaya ta kulorofom (ruwan sinadari mai narkar da ita), ka ɗumama kaɗan kana juyawa har ta narke tas, sannan ka bari ta huce. Ka haska mata fitilar UV (hasken da ido ba ya gani) mai tsawon zangon haske nanomita 254 na 'yan mintoci, ana ci gaba da juyawa. Za ka ga launin ruwan ya tashi daga ruwan lemo ya yi duhu. Sarƙoƙin ne suke miƙewa, suna jeruwa kan juna su zama siraran zare, kuma ta wannan zaren lantarki ke samun hanya bayan ka shimfiɗa ruwan a gilashi ya bushe. A na'urar auna haske za ka ga sabon tudu a layin da take zanawa, wajen nanomita 600. In babu shi, ba su haɗu ba.

Kada ka ce ƙarin haske ƙarin kyau. In ya daɗe, ga iska ta shiga, sarƙar tsinkewa take yi, launin ya koɗe, kuɗinka ya tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne, Inna ta ce kana ajiye kwalaben kulorofom a soro. Wallahi ka kwashe su yau. Kulorofom in ya haɗu da haske da iska yana fitar da fosjin, guba ce mai kisa, ga yara suna wasa a wurin. A ɗakin gwaji kawai za ka yi, cikin akwatin zuƙe tururi, da tabarau, don fitilar tana ƙona ido.

Na san ni ya kamata in zauna da Inna a asibiti, ba kai ba. Allah ya saka maka. Ka turo mini hoton rasit na maganin, 150 ɗin cif.

Ka gaida Baba da kyau.

Yayanka