Bashin Dubai ya hana ni barci, ga Umara ta matso

Assalamu alaikum Malam. Jiya da daddare Hajiyarmu ta kira ni ɗakinta ta nuna min jakar Umararta, har da farin hijabi sabo fil a cikin ledarsa. Ni zan raka ta. Na fito jikina na rawa.

Malam, ban taɓa cin haƙƙin kowa ba. Shekara huɗu na yi a unguwar Deira ta Dubai ina tsaron shagon waya kusa da kasuwar Naif. Wani ɗan unguwarmu, wanda ni na tarbo shi a filin jirgi, ni na shimfiɗa masa katifa a ɗakina, ya yi ta roƙona in rubuta cek na dirhami 38,000 a ba shi kaya bashi, tunda ni ke da asusun banki da katin zama. Ya kwashe kayan ya turo Kano. Korona ta zo a 2020, aka rufe shaguna, na dawo gida. Cek ɗin ya dawo, ba kuɗi a asusun.

Shi kuwa ya gina bene. In mun haɗu a masallaci sai ya kau da kai.

Na ji cewa tun Janairun 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ɗaure mutum don kawai cek ɗinsa ya dawo, amma mai kaya na iya kai shi kotu a hana ka fita ƙasar, bashin dirhami 10,000 ma ya isa. Nawa kuma ya riga dokar. Af, akwai ɗan bashin katin banki, wannan kam nawa ne, amma da albashina bai tsaya ba ai da na biya.

Ejan ya ce tikitin da ya samo mana yana yada zango a Dubai. Na ce a canza, Hajiya ta tambaye ni dalili, na yi shiru. In ma mun wuce Jidda kai tsaye, sunana ba zai fito a kwamfutarsu ba idan sun ɗauki hoton yatsuna? A gaban idonta za a tafi da ni?

Hajiya tana da hawan jini, mahaifiyar ɗan unguwar tamu kuma aminiyarta ce, tare suke zuwa islamiyya. Malam, in gaya mata ne, ko in nemi wani uzuri ƙanena ya raka ta?

Ɗanka daga Kano