Kafin a ɗora wa mota sabon inji, a fara duba tanki da famfon mai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu ja hankalin masu motoci da ƴan uwanmu makanikai na Damagaram kan wani sakaci da ke cinye dukiyar mutane, wani lokacin har ya kai ga gobara. Mutum zai sayo inji daga Ƙofar Ruwa a Kano ko daga Kwatano, ya cire tsohon mai kafireta (mai gauraya mai da iska kafin su shiga inji), ya ɗora mai injekta (mai fesa mai da matsi), amma tanki da tiyo da famfon mai a bar su yadda suke. Motar ta tashi a garaji, kowa ya ce madalla. Sai an hau hanyar Tanut cikin zafin azahar ta fara tari tana shaƙewa, a koma zagin wanda ya sayar da injin, alhali injin lafiyarsa ƙalau, yunwar mai ce ke damun sa.

Kafireta matsin mai kaɗan take so, tsakanin bar 0.2 zuwa 0.4 (bar shi ne ma'aunin matsi). Injin injekta irin 3RZ-FE na Toyota, wanda ake yawan saka wa tsofaffin Hilux da Hiace, yana son kimanin bar 3, wajen ninki goma ke nan. Don haka famfon kafireta ba zai ciyar da injekta ba, famfon injekta kuma zai cika kafireta har mai ya riƙa tsiyaya a kan inji mai zafi.

Bayan matsi sai yawan mai. Lissafin ba wuya: kowane doki ɗaya na ƙarfin inji yana shan kusan lita 0.3 na esansi a awa idan an taka totur har ƙasa. 3RZ-FE, mai lita 2.7 da doki 150, zai nemi lita 45 zuwa 46. A ƙara kashi 30 cikin ɗari don rara, a nemi famfon da ke ba da aƙalla lita 60 a awa a kan matsin bar 3. A kula da wannan sharaɗin, domin adadin da ake bugawa a jikin kwali wani lokacin na famfon da ke zuba a fili ne, ba tare da wani matsi ba. Masu sayen famfon lita 255 a awa wai don "babba ya fi" kuwa, wahala suke saya. Man da injin bai sha ba komawa tanki yake yi bayan ya ratsa ta kan inji, ya ɗauko zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a nan, esansin da ya yi ta zagaye yakan zama tururi a bakin famfo, famfon ya yi ta kuka yana jan iska.

Tankin ne inda aka fi yin kuskure. Kafireta tana da ɗan kwanonta na ajiya, ko mai ya yanke na daƙiƙa uku ba za a ji ba. Injekta ba ta da wannan haƙurin. Shi ya sa tankin motar injekta ke da wani ƙaramin kofi a ciki, famfon yana zaune a tsakiyarsa cikin mai ko da an sha kwana ko an hau tudun rairayi. Tsohon tanki fili ne kawai. Da mai ya sauka ƙasa da kwata, sai ya gudu gefe guda a gargada, famfo ya zuƙi iska, inji ya sami mai kaɗan iska da yawa, zafi ya tashi a kan fistin da bawul. Kuma man nan shi ne ke sanyaya famfon, shi ke masa giris.

A ganinmu abin da ya fi shi ne a sayo tankin motar da aka ciro injin daga jikinta, da famfonsa da ma'aunin mansa, in zai zauna a shasi. In ba zai zauna ba, a bar tsohon tanki, a ƙara ƙaramin tanki na lita 1 zuwa 2 a tsaye: ƙaramin famfo mai matsi kaɗan ya riƙa cika shi daga babban tanki, famfon injekta ya ja daga gindinsa, man da ya dawo daga inji ya zuba a cikinsa, rarar kuma ta koma babban tanki ta sama. Famfon waje kai tsaye shi ne zaɓi na ƙarshe. Wanda ya nace, ya ɗaura shi kusa da tanki, ƙasa da gindin tankin, nesa da salansa, don famfon lantarki turawa ya iya, bai iya ja ba.

Tiyo ma ba kowanne ba. Na injekta ana rubuta masa SAE J30R9 a jiki, wanda zai nutse cikin tanki kuma J30R10. In aka sa na waje a ciki, kumbura zai yi ya ruɓe. Faɗin milimita 8 ya isa ga layin zuwa. Injin da regiletarsa (mai daidaita matsin mai) ke kan layin injekta dole a ja masa layin dawowa, bakinsa ya sauka nesa da inda famfo ke sha. A tabbata hucin tanki a buɗe yake. In an buɗe murfi aka ji ya zuƙi iska da ƙarfi, ya toshe.

Ga ƙurar hunturu, ga man kwalba na ƴan ruwa-ruwa da ake tacewa da tsumma, saboda haka matata biyu wajibi ne: rariya mai kimanin maikiron 100 (ma'aunin girman ƙofofin matata) kafin famfo, filta ta ƙarfe mai maikiron 10 bayansa. Kada a juya su. Filta mai ƙananan ƙofofi kafin famfo shaƙe shi take yi, ƴar filtar roba ta kafireta kuma fashewa take yi a bar 3. Tsohon tanki a sauke shi a wanke tsatsa. Mai walda kada ya kusance shi da wuta sai an wanke an cika shi da ruwa, don tankin da babu mai a ciki sai tururi shi ne mai fashewa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne haɗa famfo kai tsaye da makulli. In aka yi hatsari tiyo ya tsinke, inji ya mutu, famfon zai ci gaba da feso mai. A bi ta rile, wato makunnin lantarki, wanda ƙwaƙwalwar inji ke kunnawa da kashewa, da fis na amfiya 15 kusa da batir, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, da wayar ƙasa (earth) mai kyau a jikin ƙarfe da aka kankare.

Kafin a miƙa wa mai mota makulli, a ɗaura agogon matsi a layin injekta. A zare tiyon iska na regileta, allura ta hau da kusan rabin bar. A sa bakin layin dawowa cikin galan, nesa da wuta da taba, inji na aiki a tsaye: a sami abin da ya kai rabin lita cikin daƙiƙa 30. Daga nan a gwada motar a gargada da kwatan tanki kawai, ba da cikakke ba.

Naku,
Wasu makanikai daga Zango, Damagaram