Zuwa ga 'yan uwa na Ashaka da Bajoga mazauna ƙetare

Assalamu alaikum. Iyaye, yayye da ƙanne, muna gaishe ku da iyali, da fatan kowa yana lafiya a inda Allah ya ajiye shi.

Akwai abin da ya daɗe yana damun kwamiti. Idan aka tambayi yaranmu da aka haifa a Jidda ko Landan ko Kumasi ina ne garinsu, amsar ba ta wuce "inda ake yin siminti". Ba su yi ƙarya ba, amma mu ne ba mu ba su sauran labarin ba.

Ko simintin ma bai kamata a raina labarinsa ba. An kafa kamfanin simintin Ashaka a 1974, ya fara fitar da siminti a 1979 tare da kamfanin Blue Circle na Ingila, wanda Lafarge na Faransa ya saye a 2001. Abin da ya jawo shi wannan kwari na kogin Gongola shi ne dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a ƙarƙashin gonakinmu, ga kuma layin dogo da ya taso daga Bauchi ya ratsa Gombe ya bi ta wajenmu zuwa Maiduguri tun 1964. Daga baya aka riƙa kawo kwal daga Maiganga, can ƙasar Akko, don hura tanderu. A ramin da ake fasa dutsen kuwa akan tsinci burbushin halittun ruwa masu kama da katantanwa, sun daskare sun zama dutse, domin kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce teku ne ya rufe wurin. Masana duwatsu daga jami'o'i har yau suna zuwa dubawa. Mu da muka tashi a gefen ramin, nawa ne cikinmu suka taɓa riƙe ɗaya a hannu?

Kamfanin ya sauya mana gari. A ƙasar Fulani da Bolewa, ta manoma da makiyaya da masunta, sai ga injiniyoyi da kanikawa daga kowane lungu na Najeriya, ga layin tireloli, ga 'yan dako da masu abinci da ba sa barci. Wanda ya yi makaranta a can ya san zama aji ɗaya da Bayerabe da Inyamuri da Babarbare, kowa Hausa yake yi a filin wasa. Da yawa cikinmu wannan cuɗanya ce ta sa zaman ƙasar waje bai ba mu wuya ba. Mun kuma ga tashin hankali, musamman a ƙarshen 2014 da 'yan Boko Haram suka shigo har sau biyu. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, kada ya maimaita mana.

Amma inda muke so ku fi mayar da hankali shi ne Burmi. Nan kusa da Bajoga take, cikin ƙaramar hukumarmu ta Funakaye. Malam Jibril Gaini, wani jagoran 'yan Mahadiyya, ya mayar da ita tungarsa har Turawa suka kama shi a 1902. Shekara guda bayan haka, da Sakkwato ta faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a suna barin gidajensu suna bin sa, har suka iso Burmi. A nan aka gwabza ranar 27 ga Yuli, 1903. Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shugaban rundunar Turawa, Manjo Marsh, shi ma a nan ya faɗi. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja ragowar jama'a suka ci gaba har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu kusa da Sennar. Ke nan 'yan uwanmu na Sudan, waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita tun 2023, kakannin wasunsu ta ƙofar gidanmu suka wuce. Ku sa su cikin addu'a. Abin takaici, baƙo daga Sakkwato yakan yi tattaki ya zo ziyarar wurin, ɗan gari kuwa ya gama hutunsa bai leƙa ba.

Don haka duk mai niyyar zuwa gida da iyali a hutun bana ya ware yini guda: Burmi da safe kafin rana ta yi zafi, sannan bakin kogi a ga fadamu da masunta. Mai sauran ƙarfi ya ƙarasa Nafada, inda Sarkin Gombe ya zauna daga 1913 zuwa 1919, ko ya gangara madatsar Dadin Kowa ya sayi kifi.

Roƙo na biyu ya fi gaggawa. Iyayenmu da suka fara aiki a kamfanin tun 1979 sun manyanta, tsofaffin da suka ji labarin Burmi daga bakin kakanninsu kuma sai raguwa suke yi. Wanda yake da irinsu a gida, ya sa wani yaro ya zauna da su ya naɗi hirar da waya, da Hausa ko Fulatanci ko Bolanci, duk wanda ya fi musu daɗin baki. A nemi izininsu tukuna. Tsofaffin hotuna da katin aiki su ma a ɗauke su a hoto a turo wa sakatare, ainihin takardun su zauna hannun masu su.

Wassalam.
Kwamitin gudanarwa