Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Makanikai da Masu Wayarin Mota

Assalamu alaikum iyayenmu dattawan sana'a, iyayen gidanmu masu gareji, da ƙannenmu da ke koyon aiki. Ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a bana, daga ofishin sakatare.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne sauya motoci zuwa gas ɗin CNG, wato iskar gas da ake matsewa cikin tukunya mota ta yi aiki da ita maimakon fetur. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a watan Oktoban bana. Direbobin haya da 'yan Adaidaita Sahu sun dame mu da tambaya, gwamnatin tarayya kuma ta buɗe shirinta na CNG. Mun tura wasu mambobi horo, suka dawo suka koyar da saura yadda ake ɗaura tukunya, da jan bututu, da saita na'urar rage ƙarfin gas kafin ya shiga inji.

A nan kwamiti ya tsaya kai da fata, kuma ba za mu sassauta ba. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na "bar", ninki da yawa a kan na gas ɗin girki. Wanda ya ɗauko tukunyar girki, ko ya sa mai walda ya haɗa masa wata, kabari yake haƙa wa direba da fasinjojinsa. Kowa ya ji yadda wata mota ta tarwatse a gidan gas a Benin ta jihar Edo cikin Oktoba, saboda tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Duk mamban da aka kama da irin wannan aiki, za a karɓe katinsa. Matsalar da ta rage ita ce wurin shan gas ɗin ya yi ƙaranci a Kano. Idonmu na kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka fara tun 2020. Kafin ya iso, ku gaya wa kwastoma gaskiya kafin ya kashe kuɗinsa.

Sai batun na'urar gwajin mota. Daga kuɗin wata-wata muka sayi guda, tana ofis, ana ara da sa hannu. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da mahaɗar OBD-II mai ƙofofi 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar, kuma irinsu ne suka cika garejinmu. Abin da muka fi nanatawa a darasin Asabar shi ne, na'ura tana nuna inda za a duba ne kawai. Idan ta ba da lambar matsala P0171, ma'anarsa iska ta rinjayi mai. A fara neman tiyon da ya tsage ko famfon mai da ya gaji, kafin a tura mutum kasuwar Ƙofar Ruwa sayen sensa. Ni dai abin da ya fi faranta min rai shi ne ganin dattawan da suka shekara suna gyaran kafireta da kunne sun zauna benci ɗaya da yaransu. Kunnen nan bai tashi aiki ba, shi ne ma yake tabbatar da abin da na'urar ta faɗa.

Motoci masu haɗa inji da batir, irin su Prius da Camry, sun fara yawaita. Batirinsu ya kai bolt 200, wani ya fi haka. Wayar da aka yi wa launin lemo ba a taɓa ta sai an zare filogin tsaro, an jira kamar minti goma, da safar hannu ta masu lantarki. Mun kuma lura ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke sanyaya batirin, ga zafin bazara, sai ya mutu da wuri. Share fankar aiki ne mai sauƙi da zai ceci mai mota daga asara babba.

Ziyarar da muka shirya zuwa Maiduguri, don ganin yadda Mustapha Gajibo ke mayar da ƙananan bas su koma masu aiki da lantarki, ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota. Mun ɗage ta zuwa baɗi. An yi bikin yaye yara, an kuma taimaka wa iyalan mambobin da suka rasu, Allah ya jiƙansu da rahama.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro. Masu bashin wata-wata su biya kafin ranar, don da shi za a sayi safar hannu da na'ura ta biyu. Za a kuma kaɗa ƙuri'a kan shawarar cewa kada a ƙara yaye yaro sai ya iya karanta na'urar gwaji a gaban kwamiti.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya