Amsa ga mai tambaya kan Chiwetel Ejiofor da zakin nan Scar

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Tambayar da ka jefo min a bainar jama'a ta iso, inda kake cewa wai me ya sa ake ta yabon Chiwetel Ejiofor a kan fim ɗin Disney na Lion King, inda ya yi muryar Scar, mugun zakin fim ɗin, alhali ko fuskarsa ba a gani ba, murya kawai ya ɗora a kan hoton da aka riga aka gama kamar yadda masu fassara fina-finan Indiya suke yi a Kano, sannan ka ƙara da cewa ai shi ne ya yi Scar tun a na farkon, to ya aka yi na biyun ya yi sanyi haka. Toh abu biyu ka haɗa kuma gaskiya duk ba haka suke ba.

Na farkon da ya fito a 1994 ba shi ba ne, Jeremy Irons ne, wani Bature ɗan Ingila. A lokacin Ejiofor ko shekara 18 bai kai ba, a 1977 aka haife shi a Landan, iyayensa Ibo ne 'yan Najeriya. Shi na 2019 ya yi. Wanda ya fito a duka biyun shi ne marigayi James Earl Jones mai muryar Mufasa, sarkin zakunan, yayan Scar kuma uban Simba, ina ga nan ne mutane suke ruɗewa, sun ji muryar uban ta dawo sai suka ɗauka kowa ma ya dawo. A fim ɗin Mufasa: The Lion King na 2024 ma wani ne daban ya yi Scar yana matashi, Kelvin Harrison Jr.

Maganar ɗora murya ita ce ta fi damuna, don raina aikin mutum ne wallahi. Mai fassarar Indiya yana samun fim ne a gama, jarumi ya riga ya yi kukansa ya yi dariyarsa, shi nasa kawai ya bi bakin. Shi kuwa katun irin na Disney sai an fara ɗaukar murya tukuna, ɗan wasa zai shiga situdiyo babu zaki babu daji babu komai a gabansa sai makirfo da takarda, ya maimaita layi ɗaya sau da yawa, wannan da fushi wancan da raini wancan da sanyin murya, daga baya ne masu zane za su zauna su gina motsin baki da na ido da na kafaɗa a kan abin da ya faɗa, in ya ja numfashi kafin wata kalma to zakin ma sai ya ja. Ka ga kenan hoton ne yake bin sa. Andreas Deja da ya zana Scar na 1994 sai da ya yi ta nazarin fuskar Irons, shi ya sa in ka san mutumin za ka ga kamanninsa a idon zakin da yadda yake murɗa baki.

Kuma Ejiofor ba ƙaramin ɗan wasa ba ne da za a ce an ɗauko shi don a cike gurbi, mutumin da aka sa sunansa cikin masu takarar kyautar fina-finai ta Oscar saboda fim ɗin 12 Years a Slave na 2013.

Batun sanyin na 2019 kuwa, na yarda da kai fim ɗin bai kama zuciya kamar tsohon ba, amma laifin ba na muryar ba ne. Darakta Jon Favreau ne ya zaɓi dabbobin su fito tamkar na gaske, dukkansu da kwamfuta aka ƙera su ba zakunan gaske aka horar ba kamar yadda wasu ke cewa, kuma ba a kwafe motsin fuskar 'yan wasan aka liƙa wa dabbobin ba. To zakin gaske ba ya ɗaga gira, ba ya murmushin mugunta, sai ya zama murya tana tafasa fuska kuma shiru. Shi Irons mai zane ya taya shi, shi kuwa Ejiofor kusan duk nauyin a maƙogwaronsa aka bar shi. Kuma bai kwaikwayi Irons ba, wannan ne abin da na fi yaba masa. Scar ɗin Irons ɗan iya shege ne mai zolaya da yanga, nasa kuwa mai ciwon rai ne, ƙanin da yake ganin an danne masa haƙƙi ya daɗe yana haɗiye abin har ya zama guba, ka saurari wurin da yake magana da kurayen nan za ka ji babu wasa a ciki ko kaɗan.

Waƙar Scar ɗin nan ta Be Prepared ma an gajarta ta a sabon, kusan magana ce aka mayar da ita, ni ma abin bai min daɗi ba. Amma ɗan wasa ba shi yake yanke tsawon waƙa ba, wannan hukuncin masu shirya fim ne, in ƙorafi za ka kai to can za ka kai shi.

Ka gaida gida. Wassalam.