Wasiƙa daga Alƙahira zuwa Gombe

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da Adda da yara. Ni lafiya lau, karatu yana tafiya.

Saƙonka ya iso, na gardamar da kuka tafka a majalisarku ta Jekadafari, wai Masar ta Afirka ce ko ta Larabawa, har kuka naɗa ni alƙali tunda ni ne ganau. To bismilla.

In taswira za a tambaya, babu gardama. Alƙahira da Iskandariyya da Aswan duk a nahiyarmu suke. Yankin Sina'i ne kawai ya faɗa Asiya, kuma iyakar ita ce mashigin Suwez da aka buɗe a 1869. Akwai hanyar mota ta ƙarƙashin ruwan, mutum ya shiga daga Afirka, kafin ya gama cin gyaɗar hannunsa ya ɓulla Asiya, bai kuma fita daga Masar ba.

In mutanen za a tambaya kuwa, nan ake yin ta. Sai mai kanti ya dube ni ya ce, "Kai daga Afirka kake?" alhali shi ma a kanta yake tsaye. Yawancinsu ba da raini suke faɗa ba, haka suka tashi suka ji. Sunan ƙasar ma Jamhuriyar Larabawa ta Masar. Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa nan aka kafa ta a 1945, nan kuma hedikwatarta take. A 1958 har haɗewa suka yi da Siriya, wadda ke Asiya, suka zama ƙasa ɗaya, kafin auren ya mutu a 1961.

Amma bari a fara gasar kofin Afirka, ka ga 'yan Afirka na gidi! Sau 7 suka ɗauka, uku a jere, 2006 da 2008 da 2010, kuma ba sa bari mu manta. Ofishin hukumar ƙwallon Afirka ma a ƙasarsu yake.

Ba su kaɗai ke wannan rawa ba. Maroko ta fice daga ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984, ta nemi shiga ta Turai a 1987, aka ce mata ita ba ƙasar Turai ba ce, sai a 2017 ta dawo cikinmu. Ga Kubrus kuma, tsibirin da yaranmu ke zuwa karatu, a taswira tana gefen Asiya, kusa da Siriya da Turkiyya, amma Tarayyar Turai ta karɓe ta a 2004. Ka ga ita taswirar, in ta yi wa manya daɗi a ɗauko ta, in ba ta yi ba a naɗe a ajiye.

Ni dai hukuncina, a tambayi ruwan da suke sha. Kusan duk jama'ar ƙasar nan a bakin kogin Nilu suke zaune, kana fita daga gefensa sai hamada. Kogin nan kuwa ba daga Makka ko Sham ya taso ba. Reshe ɗaya daga tafkin Biktoriya ta wajen Yuganda, ɗaya daga tafkin Tana a Habasha, suka haɗu a Khartum, kuma mafi yawan ruwan na Habasha ne. Tun da Habasha ta fara gina babban dam ɗinta a 2011, hankalin mutanen nan bai kwanta ba. Direban tasi da bai taɓa damuwa da kudu ba, yau zai yi maka bayanin daminar Habasha tiryan-tiryan. Mutumin Gombe komai ƙwambonsa, ranar da aka ce ruwan dam ɗin Dadin Kowa ya tsaya, zai tuna ta inda famfonsa ke kawowa. Saboda haka ka gaya musu Larabawa ne a harshe da al'ada, ban musa ba, amma ni na ba Afirka su. Wanda ya faɗi ya sayi shayin.

Kuɗin da Baffa ya aiko sun iso, ka yi masa godiya kafin in kira shi. A daure Inna ta riƙa shan maganinta a kan lokaci, ka san halinta. In an samu mai tahowa a aiko mini da kuka da daddawa da yaji, nawa sun kusa ƙarewa. A gaida Goggo da duk mai tambayata.

Ƙaninka,
daga Alƙahira